Sobiyar Ɗakin Baya

Talata, 25 ga Sha'aban 1432, bayan La'asar

Madam ta tafi da yara. A filin jirgi ta danƙa mini makullan gidan duka, har da ƙaramin nan na ɗakin baya, ta ce, "Muntaka, ka gyara ɗakin." Ban tambaye ta wane irin gyara ba.

Oga bai dawo ba tun ranar Lahadi da ya tafi ofis. Ba zan rubuta sunansa a nan ba, ba kuma zan rubuta abin da direbobi ke faɗa a bakin masallaci ba. Shekara shida ina tuƙa Baturen nan, ina gyara masa wuta da famfo a gidansa na Abhur da ke Jidda, yau ni kaɗai ne a ciki da kyanwarsu.

Laraba, da hantsi

Na buɗe ɗakin. Komai na nan yadda ya bari: manyan tukwanen silba uku a kan teburin ƙarfe, tiyo, ƙaramin injin da ke zuƙo ruwa daga gindin tukunya ya bi da shi ta bututun zafi ya sake zubo shi ta sama, da buhu shida na sha'ir mai tsiro.

Giya yake dafawa a nan. Na rubuta kalmar sau ɗaya, ba zan ƙara ba.

Kwalaben na tuttule su a masai, da yis ɗinsa, da koren ganyen nan mai ɗaci. Na gwada zuba sha'ir, kwano biyu kacal masai ya toshe, na yi ta tonon sa da hannu ina tsine wa kaina. Teburin kuma a cikin ɗakin aka yi waldarsa, ba ya bi ta ƙofa.

A ƙasar nan wanda aka samu da makulli shi ne mai kaya. Kurkuku, bulala, sannan jirgi. Ni ina da Gusau da zan koma. Fatu matata nan unguwar Ammariyya aka haife ta, ba ta taɓa taka Najeriya ba, kuma takardunta da na 'yarmu Khadijatu a jikin iƙamata, takardar zamata, suke rataye. Tsoro nake ji, ba kaɗan ba.

Alhamis, da azahar

Saleh mai gadin babbar ƙofa ya tsayar da ni, ya buɗe but, abin da bai taɓa yi ba. Ya ce umarni ne, ko cokali kada ya fita daga gidanmu. Bai kalli idona ba.

Na kira kafilina Abdulwahid, wanda ya tsaya mini a ƙasar nan. Ya ce za a zo a duba gidan. Na ce yaushe? Ya ce, "Insha Allah," ya kashe.

Juma'a, bayan Isha'i, Ammariyya

Na gaya wa Fatu a kicin da ƙaramar murya. Na manta gidan nan ba a yin sirri a cikinsa, don Baba, mahaifiyarta, kunnenta ya fi na kowa. Ta zo Hajji tana amarya ba ta koma ba, ba ta da takarda ko ta ƙunshin goro, kuma duk azumi layi ake yi a ƙofarta don sobiya, ruwan sha'ir ɗin nan mai sanyi da mutanen Jidda ba sa buɗa baki sai da shi.

Ta shigo ta ce, "Injiniya, buhu nawa ka ce?" Haka take kirana tun da na gyara mata fanka ta ƙone.

Na ce shida.

"Sha'ir dai? Irin wanda na sani?"

Na ce shi ne, sai dai an bar shi ya tsira aka busar.

Ta ce, "To, tukunya ba ta da addini sai na mai dafawa. Ba ka iya fitar da ita, ba ka iya ɓoye ta. Azumi ya zo. Ka dafa sobiya a cikinta, ka raba sadaka, har kowa a unguwar ya san aikinta ke nan kafin masu dubawa su iso."

Fatu ta ce, "La, ya Ummi! Ke ba za ki Abhur ba. Hanyar cike take da shingen 'yan sanda."

Baba ta ce, "Halas, shi ke nan, sai ya dama shi kaɗai ya kashe mutane." Ta tashi ta fara ƙulla kayanta.

Lahadi, daren farko na tarawihi

Mun shigo lafiya. Saleh ya leƙa motar ya ga Baba, ya ce, "Hajja mai sobiya?" Ashe ya taɓa bin layinta. Bai rubuta ta a littafin shiga ba. Na ba ta ɗakina na direba, ni ina kwana a tabarma a gareji.

Litinin, 1 ga Ramadan, bayan tarawihi

Yau na kusa ƙona gidan mutane.

Tun da safe Baba ta kama injin markaɗen Madam ta niƙe sha'ir ya yi laushi liƙis kamar garin kunu. Ta ce kwano ɗaya na gari, kwano ɗaya na ruwa, haka take yi tun ba a haife ni ba. Na ce Baba, injin nan ba ludayi ba ne. Ta ce, "Sobiya mai ruwa-ruwa ha'inci ce, Injiniya, ko da sadaka ce."

Surukata ce, na kunna.

Damun ya kwanta a kan rariyar da ke gindin tukunya ya liƙe ta. Injin ya ja, ya ja, ya fara kuka kamar akuya, ruwa bai zo ba. Bututun zafi kuwa ba ya jira, abin da ya rage a cikinsa ya kama. Kafin in kai hannu ga makunni hayaƙi ya cika ɗakin. 'Yar aikin maƙwabta ta leƙo ta katanga tana tambayar me ke ƙuna. Na ce shinkafa.

Na wuni ina kankare bututu da azumi a bakina. Baba ta ce injin ne rago.

Talata, 2 ga Ramadan, da hantsi

Akwai wata mota ruwan toka a ƙarshen layinmu. Jiya ma tana nan.

Talata, bayan La'asar

Na zauna na tuno yadda Oga ke yi, tunda ni ke ɗauko masa buhu in tsaya a bakin ƙofa. Ba ya niƙawa. Ɓarzawa yake yi da ɗan injin hannu, ƙwayar ta fashe amma ɓawon ya tsaya, don ɓawon ne ke buɗe wa ruwa hanya. Kuma kafin ya fara awo sai ya cika ƙarƙashin rariya da tiyo da bututu tukuna. Ya taɓa ce mini wannan ruwan ba ya cikin lissafi, na hanya ne.

Na bayyana wa Baba. Ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce, "Yanzu Nasara ne zai koya mini sobiya?"

Na ce ba sobiya zai koya mata ba, injinsa zai koya mana.

Don in tabbata bai sake toshewa ba na zuba kwano uku na ruwa a kan kowane kwano. Ya gudu sumul, ko tari bai yi ba. Ruwan ya fito garau, da zaƙi tun ba a sa sukari ba. Baba ta sa kayan ƙamshi, hel da girfa, tana tsaki.

Na kai jarka biyu masallacin ma'aikata, ɗaya wa Saleh. Masu lambu suka kwashe dusar, wai taki.

Alhamis, 4 ga Ramadan, da azahar

Ga inda matsalar take. In na tsinka damun, injin yana murna, amma ruwan ya yi yawa kuma buhu ba ya raguwa. Firij jarka uku yake ɗauka. Mutanen da ke buɗa baki a masallacin ba su da yawa, kuma cikin mutum ba rijiya ba ne.

In na yi kauri, buhu zai ƙare da wuri, abin da za a raba ba zai fi ƙarfin masu sha ba, amma injin zai shaƙe.

Ban san ranar da za su zo ba. Da na sani da na san awon da zan yi.

Asabar, 6 ga Ramadan, da safe

Jarka biyu da suka rage tun shekaranjiya na ajiye a bayan ƙofa. Yau na tarar sun kumbura, ciki ya yi tulu. Na sassauta murfi ta yi huci, kumfa ta biyo.

Na san warin nan. Shekara shida ina jin sa daga bakin ƙofa ina cewa ba ruwana.

Na zubar, na wanke jarkokin da omo har hannuna ya yi fari, na sake alwala ko da ban san ko ta karye ba. Baba ta tsaya tana kallona. Ba ta yi mini tsiya ba, abin da ya fi tayar mini da hankali ke nan. Ta ce, "Haka take. Ko tawa in ta kwana biyu a zafi sai ta juya. Shi ya sa nake yin kaɗan, mai kauri, a shanye a ranar."

Na ce injin ba ya ɗaukar kauri.

Ta ce, "To ku sasanta da shi."

Lahadi, 7 ga Ramadan

Kwano ɗaya da rabi. Ya shaƙe.

Litinin, 8 ga Ramadan, bayan La'asar

Kwano biyu, bayan na cika ruwan hanya, kuma na rage bakin famfo ya rinƙa ja a hankali. Ya tafi. Yana nishi amma ya tafi. Abin da ya fito ya cika firij daidai, da 'yar ragowa da Saleh ya raba wa masu shara.

A nan zan tsaya. Baba ta ɗanɗana bayan an sha ruwa ta ce, "Ruwan wankin sha'ir." Amma ta shanye kofin.

Laraba, 10 ga Ramadan, da hantsi

Fatu ta kira. Masu sayen sobiya suna ta buga ƙofa, tana ce musu Ummi ta tafi umara. Ta ba Khadijatu wayar, ta ce mini da Larabci, "Abba, mata tiji?" wato yaushe zan zo. Tana jin Hausa sarai, bakin ne ba ya ɗauka. Na ce mata na kusa zuwa.

Motar tana nan.

Juma'a, 12 ga Ramadan, bayan Juma'a

Liman ya yi wa "mai sobiyar gida na bakwai" addu'a a lasifika. Da ban taɓa son a san ni a unguwar nan ba, yau har na so ya maimaita.

Saura buhu uku. Na ƙona buhunan da suka ƙare a murhun gashin Oga, saboda hoton da ke jikinsu. Sauran na juye a buhun shinkafa.

Na lura sha'ir na raguwa fiye da awona. Na kuma ga 'yar tukunyar Madam a ɗakin Baba, an rufe da faranti.

Lahadi, 14 ga Ramadan

Na ce wa Baba in mayar da ita gida, na iya yanzu. Ta ce, "Ka iya me?"

Talata, 16 ga Ramadan, da azahar

Babu motar yau. Ban san dalilin da ya sa hakan ya fi ba ni tsoro ba.

Alhamis, 18 ga Ramadan, bayan sallar Asuba

Jiya suka zo. Zan rubuta yadda aka yi, don Fatu za ta tambaye ni kuma bakina ba zai iya ba.

Bayan La'asar ne, injin na aiki. Saleh ya bugo waya ya ce, "Baƙi," ya ajiye. Na ruga na ce wa Baba ta shiga ɗaki ta kulle, ko me ta ji kada ta fito. Ta ce to.

Su uku ne: Abdulwahid, wani saurayi mai kaki, da wani dattijo mai farar jallabiya da bai faɗi sunansa ko inda ya fito ba. Suka zaga sama da ƙasa. Da suka iso ɗakin baya dattijon ya tsaya ya daɗe yana kallon ruwan da ke zagayawa a tiyo.

Ya ce, "Esh hada? Mene ne wannan?"

Na ce sobiya ce, ta sadaka. Aka kira Saleh ya ce ƙwarai, tun farkon azumi yake sha, liman ma shaida ne.

Dattijon ya ce shi bai taɓa ganin sobiya da famfo ba. Ya sunkuya ya shinshina. Ya ce hanci ba ya yanke hukunci, harshe kuma yana azumi. "Za mu jira kiran salla."

Muka zauna a baranda. Ban taɓa ganin rana ta ƙi faɗuwa irin ta jiya ba. Abdulwahid yana ta danna waya, ko inda nake bai kalla ba. Ni kuwa tunanina ɗaya: a can ƙuryar firij akwai rabin jarka ta ranar Talata. Ta kwana a sanyi, na sani, amma na riga na ga abin da ruwan nan ke yi in an juya masa baya.

Da aka kira salla dattijon ya ci dabino, ya tashi da kansa ya buɗe firij, ya tsallake na gaba ya jawo ta ƙuryar. Ya tsiyaya, ya kurɓa, ya riƙe a baki.

Ba ta juya ba. Na gani a fuskarsa. Har na fara sauke numfashi.

Sai ya ajiye kofin ya ce, "A Balad aka haife ni, tsohon garin Jidda. Sobiya tana da jiki, tana kama kofi. Wannan garau take, an ɓarza ba a niƙa ba. Na san abin da ake tace ruwa haka dominsa." Ya dubi saurayin. Saurayin ya matso kusa da ni.

Gaskiya ya faɗa.

Sai na ji ƙofar ɗakina ta buɗe.

Baba ta fito da 'yar tukunyar nan a hannu, tana zazzaga Larabci irin na 'yan Ammariyya tun daga gareji. "Gul lahu, ya sheikh! Gaya masa! Tun ɗaya ga wata nake cewa wannan ba sobiya ba ce. Mijin 'yata ne, wai injiniya. Na ce a niƙa, ya ce injin. Na ce a rage ruwa, ya ce injin. Ya ɗauko mini tukwanen Nasara wai za mu ciyar da unguwa, ya zubar mini da mutunci a gaban masallaci guda. Haram alek, ya Muntaka!" Ranar farko ke nan da na ji sunana a bakinta.

Ta fizge kofin, ta watsar da nawa a kan fulawar Madam, ta zuba nata. Fari, mai kauri, da ƙyar yake sauka.

Dattijon ya sha. Ya sake sha. Ya ce, "Ammariyya? Ƙofa mai koren fenti, bayan gidan burodi?"

Ta ce, "Aiwa."

Ya yi dariya har da riƙe gemu. Ya ce mahaifinsa yakan aike shi can da kwano. Ya juya ya ce wa Abdulwahid kayan sobiya ne, a bar wa mai gida ya san yadda zai yi da tarkacensa. Ya ce mini, "Kai kuma ka ji maganar manya." Na ce insha Allah.

Sun kai bakin ƙofa saurayin ya waiwayo. Ba da mugunta ba, yadda dai aka koya masa. Ya ce, "Iƙama, ya Hajja."

Na dubi dattijon. Ya buɗe baki, ya dubi saurayin, ya dubi Abdulwahid, sai ya mayar da ido kan carbinsa.

Baba ta ajiye tukunyar. Ta koma ɗaki ta fito nan take. Ƙunshin kayanta a ɗaure yake, takalmanta a kai. Tun kafin ta buɗe ƙofar nan ta ɗaure shi.

Juma'a, 19 ga Ramadan

Na gaya wa Fatu. Ba ta yi kuka a gabana ba. Ta ce, "Ta ci abinci kafin su tafi?" Ban sani ba.

Lahadi, 21 ga Ramadan, da azahar

Na mayar wa Abdulwahid makullai. Ya ce iƙamata lafiya lau, zai sa ni wani gida a unguwar Safa bayan Salla. Na roƙe shi maganar Baba. Ya ce ya yi magana da wani. Kowa ya yi magana da wani.

Laraba, 24 ga Ramadan, da yamma

Oga ya kira daga ƙasarsu. Ashe ya fita. Ya ce ya ji komai ya wuce lafiya, ya yi mini godiya, ya tambayi kyanwa. Na ce tana wurin Saleh.

Asabar, 27 ga Ramadan, bayan La'asar

Baba ta kira da wayar wata mata da suke tsare tare, a inda ake tara waɗanda za a mayar gida. Gobe jirginsu, Kano. Ta yi magana da Fatu, ta yi da Khadijatu, sannan ta ce a ba ni.

Na ce, "Baba, ki yafe mini."

Ta ce, "Bar wannan. Yarinyar nan tana da uba a gida, halas. Injiniya, Kano akwai sha'ir?"

Na ce akwai. Ban sani ba ko akwai.

Ta ce, "Mutane za su zo ƙofa daren Salla, kada a ce musu babu. Tukunyata na ƙarƙashin gado. Ka niƙa, kada ka ɓarza. Kwano ɗaya, ruwa ɗaya." Sai mai wayar ta karɓi abarta.

Litinin, 29 ga Ramadan, kafin Magariba

An fara layi a ƙofa. Na niƙa, na dama da hannu, ɗaya da ɗaya, har ludayi na tsayawa a ciki.

Na zuba wa Fatu kofin farko na ajiye kusa da dabinonta. An kira salla. Tana riƙe da shi, har yanzu ba ta kai baki ba.